Saƙon Iya ga Baba Kofur: daga Jimeta zuwa Injamena

Kakata Iya ce ta tayar da wannan tafiya. Ranar 15 ga Janairun 2025 muna zaune a tsakar gida, talabijin na nuno bikin tunawa da 'yan mazan jiya daga Abuja. Manya na ajiye furanni, ana busa begila, daga ƙarshe aka saki fararen tantabaru. Ta daɗe tana kallo ba ta ce uffan ba, can sai ta ce, "Su tantabarun nan wa suke kai wa saƙon?" Muka kwashe da dariya, ita ko murmushi ba ta yi ba. Ta dafa bango ta shiga ɗaki, ta fito da wani gwangwanin alawa da tsatsa ta cinye murfinsa, ta ajiye a gabana.

Lambar kakana ce a ciki, tauraron nan mai tsini shida da Ingila ta ba waɗanda suka yi yaƙin Bama, wato Burma, ƙyallensa ja da shuɗi duk ya koɗe. Sai hoto guda, marigayin tsaye cikin kaki da gajeren wando. Iya ta ce tun yana kwance ciwon ajali ya bar wasiyya a kai wa ƙanensa da ke Fallomi, wato Injamena, don ita har gobe ba ta yarda an canja wa garin suna a 1973 ba. Shekara ashirin da wani abu ana cewa sai an samu mai zuwa. "Kai ne malamin tarihi," in ji ta, "ka je ka gani da idonka. Zumunci a ƙafa yake, ba a wayar nan taku ba."

Yadda aka yi wa da ƙane suka sa kakin Turawa iri biyu ba wani abin mamaki ba ne ga wanda ya san fatauci. Ubansu falke ne, yana kai goro gabas ya dawo da kanwa da fatu, yana da gida a Yola yana da gida a bakin Shari. Ɗan ɗakin Yola Ingilishi suka ɗauke shi, ɗan ɗakin Fallomi, wanda ya zo duniya bayansa da shekara goma sha huɗu, Faransa ta ɗauka ta kai Aljeriya. Mu a gida Baba Kofur muke ce masa, kuma ban taɓa sa shi a ido ba.

Na nemi izinin kwana goma a makaranta, na tashi a makon farko na Fabrairu. Daga Jimeta muka bi ta Jabbi Lamba zuwa Belel, hanyar da ba ni da abin faɗa a kanta sai ƙura. A bakin iyaka na yi canji, nan gabana ya fara faɗuwa: jaka ɗaya ta sefa, wato sefa dubu, naira dubu biyu da ɗari huɗu da 'yan kai. Ina tuna lokacin da muke raina kuɗin nan, jaka ba ta wuce naira ɗari uku da wani abu ba. Na miƙa damin kuɗi da roba, aka maido mini 'yan takardu da ba su cika aljihun gaban riga ba.

Ɗan Najeriya ba ya buƙatar biza ya shiga Kamaru, amma wannan a takarda ne. A wani shinge kafin Gashiga wani jandarma ya juya fasfo ɗina gaba da baya, bai ga aibu ba, ya ce katin rigakafi. Na ba shi. Ya ce hatimin bai fito sosai ba. Direba ya matso ya raɗa mini cewa hatimi yana fitowa sosai da zarar an ɗora masa jaka guda. Haka kuwa aka yi.

Garwa muka isa da la'asar. Na sauka a unguwar Hausare, gidan wani abokin ƙanen mahaifiyata mai sayar da yadi, wanda ya ƙi ko jin zancen masauki. Da dare ya kai ni bakin titi muka ci gasasshen kifin Binuwai da yaji da doguwar burodin nan ta Faransa mai ɓawo. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne yadda Hausar mutanen ke tafiya: a fara jimla da Hausa, a ratsa ta Fulatanci, a dire da Faransanci, kuma ba wanda ya ɓace a hanya. Kogin da muka ci kifinsa shi ne dai wanda ke bayan gidanmu a Jimeta. Ta wannan yanki sojojin Ingila suka taso daga Yola a watan Agustan 1914 suka auka wa Jamusawa a Garwa, aka fatattake su, sai a Yunin 1915 garin ya faɗi. Da na ba mai masaukina labarin ya ce, "To su waye suka mutu?" Na ce an rubuta sunayen hafsoshin Turawa. Ya ce, "Ba su nake tambaya ba." Na san ba su yake tambaya ba.

Kashegari bas ta ɗauke mu zuwa Marwa a jaka huɗu, ta Fitowa da Figil. Sai masakwa hagu da dama, kore shar a tsakiyar rani, babu ruwan sama babu ban-ruwa, laka ce kawai ta riƙe danshin damina. Marwa gari ne na inuwa, dogonyaro ya rufe tituna, kogin da ya ratsa ta kuwa ba ko ɗigon ruwa, yara na buga ƙwallo a cikinsa. Na kwana a wani ɗan masauki kusa da tasha a jaka biyar, na ci tuwon dawa da miyar yakuwa da suke kira folere, sauro ya ci rabonsa shi ma.

Daga Marwa zuwa Kusiri kilomita wajen 260 ne. A taswira tafiyar hantsi ce. Mu mun tashi bayan asuba, ba mu ga fitilun Kusiri ba sai bayan isha'i, a kan jaka goma. Har zuwa Mora da sauƙi. Daga nan kwalta ta ce ga garinku. Abin da ya rage guntaye ne kamar an yayyaga tabarma, direbobi sun gwammace su sauka su bi daji, kowa da layinsa, ƙura ta turnuƙe har ba ka ganin motar gabanka. Mu goma sha tara a motar da aka yi don mutum goma sha huɗu, gwiwata a cikin buhun albasar wata baiwar Allah.

A Mora aka sauke mu duka, sojoji suka bi kaya ɗaya bayan ɗaya. Ba a wasa a nan, garin ne mazaunin sashen Kamaru na rundunar haɗin gwiwar da ke yaƙi da Boko Haram. Wani matashin soja ya buɗe jakata ya ci karo da gwangwanin Iya, ya girgiza, ya ji ƙara, fuskarsa ta canja. Na ce ya buɗe. Da ya ga lambar sai ya ɗora ta a tafin hannunsa ya daɗe yana dubawa, ya tambaya da Faransanci, wani fasinja ya fassara: ta wa ce? Na ce ta kakana. Ya mayar a hankali, ya rufe murfin da hannu biyu, ya ƙame ya sara mini. Ni da ban taɓa riƙe ko bindigar harbin gafiya ba. Kunya ta kama ni, na rasa inda zan sa hannuna. A duk shingayen da na ratsa, nan ne kaɗai ba a ce hatimina bai fito ba.

Muna jiran a gama da sauran motoci na tsaya ina kallon dutsen Mora, tarin duwatsu baƙaƙe kamar an juye su daga sama. A kansa wani kyaftin ɗin Jamus, Fon Raben, ya kafe da sojoji wajen 200, galibinsu baƙar fata, tun Agustan 1914 har 18 ga Fabrairun 1916, bayan duk sauran Kamaru ta faɗi. Sojojin da aka turo daga Najeriya suka yi ta hawa ana maido su. Da zai miƙa wuya, cikin abin da ya nema har da a ba shi fam 2000 ya biya sojojinsa albashin da suke bi, aka kuwa ba shi. Na ba direbanmu labarin, wani Bakanuri mai barkwanci, ya ce, "Kai malam, ashe tun a lokacin soja sai an ci shi da yaƙi yake ganin albashinsa."

Wannan magana ce ta kunna musu a motar har Waza. Kowa na da ta cewa a kan shugaban Faransa, Makron, wanda a farkon Janairu ya ce shugabannin Afirka sun manta su ce wa ƙasarsa an gode, da kuma martanin da gwamnatin Cadi ta mayar tana tuna masa waɗanda suka zubar da jini aka 'yanto Faransa. Kwana kaɗan kafin tafiyata sojojin Faransa suka miƙa sansaninsu na ƙarshe a Injamena suka tafi. Wani ɗan kasuwa na cewa Allah ya raka taki gona, wani na cewa a jira a gani. Mai albasa ba ta sa baki ba sai da aka gaji. Ta ce ita ɗanta soja ne, shekara uku ke nan da aka kawo mata jakarsa daga bakin tafkin Cadi, ba Bafaranshe ba ɗan ƙasa ba wanda ya sake taka ƙofarta. Motar ta yi tsit. Ba a sake magana ba har Dabanga, inda taya ta fashe muka yi azahar da la'asar da taimama.

Mun tarar an rufe gada, dole na kwana a Kusiri, a shagon wani Bahaushe mai sayar da banda da ya ji Hausata a tasha ya ce malam ina za ka a daren nan. Warin kifin bai bar rigata ba har na dawo gida. A bakin garin nan aka yi karon 22 ga Afrilun 1900, ranar da Rabeh, mayaƙin nan da ya ci Borno, ya mutu, shi ma Lami kwamandan Faransa ya mutu, aka sa wa garin da aka kafa a tsallake sunan Baturen.

Da safe na tsallaka gadar Ngeli a kan kogin Logon, cikin cunkoson babura da amalanke da mata masu tallan kayan miya. Can na yi abin kunyar farko. Na tambayi mai klando, wato ɗan acaɓa, nawa zuwa Marjandafak, ya ce "miten", ɗari biyu. Na ce kai, Cadi akwai arha. Da muka isa na miƙa masa sefa ɗari biyu, ya dube ni kamar na zage shi. Ashe da riyal suke lissafi, riyal ɗaya sefa biyar, ɗari biyunsa jaka guda cur. Mutanen da ke zaune a ƙofar gidan suka yi ta dariya, wani tsoho a kujerar kwance ya ɗaga murya da Hausa tsantsa ya ce, "Wannan rowar ta Yola ce, ku shigo da shi, jinina ne."

Baba Kofur ke nan. Dogo ne har yanzu duk da ya ranƙwafa, idonsa na dama ya yi fari da yana, hannuwansa manya kamar faranti. A unguwar Kaporal suke ce masa, ko Ansiyan. Na durƙusa na gaishe shi, ya riƙe kunnena ya ce, "Kai ne ka ƙwace wa yayana mata ko? Ka ga yadda ka rame, ba ta ba ka tuwo ne?" Na ce, "Baba, ai tsufa ta yi, na zo neman sabuwa ne a wajenku." Ya ce duk wadda ta ji labarin klando ba za ta aure ni ba. Goggo, babbar 'yarsa da ke kula da shi, ta kawo karkanji mai sanyi, zoɓo ke nan, sannan esh da miyar kuɓewa da busasshen nama, tuwo dai, sai dai an kifa shi daga ƙwarya ya fito da zane a bayansa.

Ban ba shi saƙon ba sai bayan magariba. Ya buɗe gwangwanin, ya shafa tauraron da babban yatsa tsini bayan tsini, ya kai hoton daf da idon da ke gani. Bai yi kuka ba. Cewa ya yi, "Dubi ƙafafu kamar na zalɓe." Sannan ya juya ya fuskanci bango, Goggo ta yafuto ni muka fita.

Sau biyu kacal suka haɗu a girmansu. Ya ce ranar da yayan ya dawo daga Bama ya biyo ubansu Fallomi, shi yana yaro, ya ga takalmi da bel da yadda mata ke leƙe, a ranar ya ƙudura sai ya yi soja. "Bai gaya mini komai ba. Da ya gaya mini damina a dajin can, da tsutsar da ke shan jini, da gawar da ba a samu binnewa ba, wataƙila da na zauna na sayar da goro. To ni ma da na dawo ban gaya wa kowa ba." Ya shiga a 1956. Jirgin ruwa, Marsai, sannan Aljeriya. Can kowane baƙin soja Saligan ake ce masa, ɗan Sanagal, ko daga Cadi ya fito ko daga Nijar, don haka Faransa ta yi wa rundunar suna. Ya ba ni labarin sanyin duwatsun Ores, ranar da ya fara ganin ƙanƙara na zuba ya ɗauka auduga ce, da yadda suke ɓoye sallah a bayan mota.

Labari ɗaya ya bayar da muryar da ba ta wasa ba. An tura su binciken wani ƙauye da asuba. Ya banke wata ƙofa, ya tarar da tsohuwa a kan buzu, ta ɗaga kai ta ga baƙin mutum da bindiga, ta kama kalmar shahada da ƙarfi don ta sallama da rai. Shi kuwa bakinsa ya ƙarasa mata ba tare da ya shirya ba. Suka tsaya suna kallon juna. "Ita ta ga karen Nasara, ni na ga uwata. Mutanen nan ƙasarsu suke nema. Mu ma a 1960 aka ba mu tamu, ina can ina hana wasu tasu." Ya kurɓi shayi. Na jira ci gaba, bai zo ba.

Wannan ne abin da ba na koyarwa a aji. Muna son tsohon soja ya zama gwarzo mai tsabta, a rataya masa lamba a tafa. Wanda na gani mutum ne da aka ɗauka yana ɗan shekara ashirin aka kai shi yaƙin da ba nasa ba, kuma ya fi kowa sanin haka.

Ranar Asabar jikansa ya ɗauko mota muka kai shi gidan ansiyan kombatan, inda tsofaffin sojoji ke haɗuwa. Sai da aka yi rabin awa ana shiri: kwat mai ruwan ƙasa da ta yi masa yawa yanzu, lambobi uku, jar dara. Mun wuce ta titin Sharl Dagol, muka ga makarantar Felis Ebuwe, gwamnan nan baƙar fata ɗan Giyana wanda a ranar 26 ga Agustan 1940 ya sa Cadi ta zama ta farko a Afirka da ta bi Dagol lokacin da Faransa ke hannun Hitila. Na yi zaton taro zan tarar. Benci biyu ne a gindin dogonyaro, da tsofaffi shida, sai wasu da ba su kai su shekaru ba, na yaƙin Libiya na 1987, da wani matashi mai sandar ƙarfe da ya bar ƙafarsa a duwatsun arewacin Mali a 2013. Baba ya ce da can sai an yi layi kafin a samu wurin zama. "Yanzu benci ya fi mu yawa."

Wani tsoho Basare, Kirista daga Sar, aminin Baba tun Aljeriya, shi ya ba ni labarin Kufra da Larabcin Cadi, jikan Baba na mayar mini. Mahaifinsa na cikin mutum wajen 400 da hafsan Faransa Laklar ya tasa daga Faya suka keta hamada zuwa kudancin Libiya, mafi yawansu 'yan nan ne. Igwa guda ɗaya gare su, suna ta canja mata wuri don Italiyawa su zaci da yawa ce. Ranar 1 ga Maris 1941 sansanin ya miƙa wuya, kashegari Laklar ya sa suka yi rantsuwa ba za su ajiye makami ba sai tutarsu ta tashi a kan majami'ar Sitirasbur. Tutar ta tashi a Nuwamban 1944. "Amma babana bai gani ba," in ji shi. A 1943, da za a mayar da rundunar ta tankoki da kayan Amurka, aka tsame baƙar fata aka maye gurbinsu da farare. Ya ce uban nasa har ya mutu yana tambaya ko garin nan da suka rantse a kansa yana da nisa da Faris.

Daga nan hira ta koma inda hirar tsofaffin sojoji ke komawa a ko'ina, fansho. A ƙarshen 1959 Faransa ta yi doka ta daskarar da kuɗin sojojin ƙasashen da ke samun 'yanci, na Bafaranshe na hawa da tsadar rayuwa, nasu na nan inda aka bar shi. Wani tsohon saje ɗan Sanagal, Amadu Jop, ya kai ƙara, kotun ƙoli ta harkokin mulki ta ba shi gaskiya a 2001, shekara biyar bayan an binne shi. Aka fara gyara a 2007, aka kammala daidaitawa a 2011. Basaren ya ƙirga da yatsu: shekara hamsin. "Sun jira mu ragu ne." Baba kuwa abin da ke ba shi dariya takardar shaidar rai ce. "Duk shekara sai na je ofis na rantse ban mutu ba. Bara yaron ya ce in dawo gobe, mai sa hannu ba ya nan. Na ce to in na mutu da dare laifin wa?" Na tuna layin tantancewar 'yan fansho a gida, tsofaffi da fayil a hammata suna faɗuwa a rana, na ga ba ni da bakin yi wa kowa gori. Mu da muka sa wa barikoki sunayen Bama, Dodan a Legas, Cindit a Zariya, amma kakana ya ƙare yana gadin wani sito.

Matashin mai sanda bai ce komai ba duk zaman. Da za mu tashi na ga Baba ya cusa masa wani abu a aljihu, shi kuma ya kau da kai kamar bai ji ba. A mota Baba ya ce, "Mu aƙalla Nasara na turo ɗan abu sau biyu a shekara."

A ɗakinsa aka yi mini shimfiɗa, shi ya sa na ji abin da ban zo nema ba. Bayan sallar asuba, ya gama lazimi, sai na ji ya shiga jero sunaye, kowanne da garinsa, yana jan ƙwayar carbi ɗaya. Wane ɗan Abeshe. Wane ɗan Mundu. Wane na Zandar. Wane Bamoshe daga Wagadugu. Musulmi da Kirista da wanda ba ya ko ɗaya, duk a carbi guda. Ya kai wani wuri ya yi shiru, yatsansa a kan ƙwayar, kamar tsawon Fatiha, sannan ya ci gaba. Kashegari ma haka, a daidai wurin. Goggo ta ce tun tana yarinya take jin wannan karatu, har ta haddace rabi ba da niyya ba, kuma ba wanda ya taɓa tambayarsa shirun.

A rana ta huɗu shi da kansa ya ce in ɗauko takarda. "Kai mai boko, rubuta. Amma da ajami, don in malamin unguwa ya gani ya iya karantawa." Na sayo littafi mai shafi talatin da biyu a shagon kusa, riyal hamsin, wannan karon na biya daidai. Ya faɗa ina rubutawa, yana gyara mini wasali. Ya sa na buɗe da sunan yayansa, wanda da ba ya ciki. Suka zama ashirin da huɗu. Da muka zo na goma sha takwas ya yi shirun nan nasa. Na ɗaga alƙalami ina jira.

"Baba, an manta ne?"

"Ban manta ba. Ban taɓa sani ba." Ya juya carbin. "Ba namu ba ne. Na wancan ɓangaren ne. Yaro ne kamar ni." Ya nuna takardar da haɓa. "Bar masa layinsa."

Na sa lamba na bar layin fari.

Ranar da zan taho Goggo ta haɗa mini kilishi da dabino da garin karkanji. Baba ya riƙe tauraron, ya maƙala shi a kwat ɗinsa sama da nasa uku, ya maido mini gwangwanin ya ce in kai wa Iya kayanta, kada ta ce ya cinye mata gado. Ya rako ni har ƙofa yana dogara kafaɗata, ya ce wa mai klando da Larabci ya karɓi kuɗinsa tun kafin in hau.

Dawowa ta ɗauke ni kwana uku, hanyar Dabanga ba ta gyaru a bayana ba. Gaba ɗaya tafiyar ta ci mini sefa jaka saba'in da 'yan kai, kusan kashi ɗaya cikin biyar a shingaye ya tafi.

Na iso Jimeta da daddare, Iya ba ta yi barci ba. Ta tambayi lafiyarsa, da ko yana cin abinci, da ko har yanzu bakinsa bai mutu ba. Ta buɗe gwangwanin ta ga littafin a naɗe a inda lambar take, ta ce mene ne wannan. Na gaya mata. Ta gyara zama ta ce in karanta. Sunan mijinta ya fara fita, ta ce Allah ya jiƙansa, ta buɗe tafin hannunta a kan cinya. Na bi su ɗaya ɗaya, tana amsawa da amin. A na goma sha takwas na tsaya. Ba ta tambaye ni ba. Ta bar hannun a buɗe, leɓɓanta na motsi, har ta shafa.

"Ci gaba," ta ce.